Abin da Ke Kayar da Dela a Ɗakin Shanya

A wurin sunan jikan maƙwabciyata na fara jin zancen. Mata sun cika rumfa ana raba goro, sai wata ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ni wai Dela ta gidan Alhaji Abdulhamid iskokin kakarta sun biyo ta har Madawa. Wai da ta shiga sashen surukarta sai a ji ƙara, a tarar da ita ƙasa tana karkarwa, haƙora a cije. Ta kusa da ni ta ce ai ba abin mamaki ba ne, ƴar garin Allakaye ce, kakarta da bori ta tsufa, gado kuwa ba ya ɓata hanya.

Na ce, “A kasuwa ta taɓa faɗuwa?”

Sunka ce a’a.

“A bakin pampo fa? Ko a ɗakinta?”

“A’a, Madan, can sashen Hajiya kaɗai yake kama ta.”

Na ce, “To wanga iska ma’aikacin gwamnati ne ke nan, tunda yana da biro, ofishinsa na kansa, sai an je an same shi.”

Sunka yi dariya, wata ta ce, “Madan Saude ke nan! Ke abin da ba shi cikin littafin lakwal, makarantar boko, ba ki yarda da shi.”

Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da alli, kuma a cikinsu na ga yara da yawa da anka ce iska ya taɓa. Wani yunwa ce, wani farfaɗiya, wata kuma tsoron bulalar mushe, wato malamin aji. Ban ce babu iskoki a duniya ba. Cewa na yi duk wanda anka nuna mini, in na bi sawunsa, ƙofar wani ɗan Adam yake kai ni.

Gidan ba baƙo ba ne gare ni. Hajiya Baraka, uwar Alhaji, ƙawata ce tun muna ƴan mata. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke, ba ta iya riƙe fitsari ko bayan gida. Wannan na ƙarshen mu kaɗan munka sani, don Alhaji cewa yake yi wa masu gaisuwa ciwon ƙafa ne. Shi Abdulhamid ɗin ni na koya masa raba lissafi da ƙyar, yanzu shi ne babban mai lodin albasa a unguwarmu. Dela kuwa matar ƙanensa Alhassan ce da ya rasu. Ta gama takaba ta zauna, saboda ɗiyarta Ikram mai shekara shida, wadda dangin uba sunka ce ba ta barin gidan. Tunda ta zauna, jinyar tsohuwa ta faɗo kanta.

Kashegari da hantsi na je. Na tarar da Hajiya kwance fes, an shafa mata mai, ɗaki na ƙamshin turare. Dela ta durƙusa ta gaishe ni. Na ga ta rame, kuma tana ɓoye hannunta na dama cikin zane.

Na ce, “Miƙo in gani.”

Kan yatsunta uku sun yi fari fat, kamar ta ɗauki murfin tukunya daga wuta.

“Mi ya same ki?”

Ta dubi ƙofa tukuna. “Inna, ni dai tun farko na ce injin shanyar nan ne. Na ce kuran, wutar lantarki, yake ja na. Yaya Alhaji ya zo ya dafa shi da hannu biyu, bai ji komi ba. Matarsa Hajiya Mardiyya ta taɓa, ba ta ji komi ba. Ni kaɗai yake kamawa. To yanzu ni ma ban sani ba. Ƙila gaskiyarsu ta.”

Ta kai ni ɗan ɗakin da ke maƙale da na Hajiya, inda take wanki. Ga baho biyu, ga pampo na ɗiga, daɓen siminti sharkaf. A lungu injin yake, fari ne da can, yanzu tsatsa ta ci gindinsa. Injin busar da tufafi ne, wanda Alhaji ya samo lokacin da wani Bature da ya yi aiki a Keita zai koma ƙasarsu. Ya shekara goma a rufe cikin mangaza, ɗakin ajiya, kafin ciwon Hajiya ya sa a fito da shi.

Na tsaya ina kallon abin nan raina na ɓaci. A Madawa! Garin da in ka shanya zane ka juya ka sha ruwa, kafin ka ajiye moɗa ya bushe. Allah Ya ba mu rana kyauta, mun shige lungu muna gasa tsumma da kuran.

“Don mi ba ki shanya a igiya?”

“Yaya Alhaji ya hana. Ya ce zanen gado biyar, shida a yini, ga robar shimfiɗa, duk wanda ya shigo gaisuwa ya gani ya san abin da ke akwai. Ga benen maƙwabta yana kallon tsakar gida. Sau guda na shanya a bayan ɗaki, ya ce na tona asirin uwarsa.”

Ta nuna mini yadda ake yi. Maƙallin ƙofar injin ya lalace, sai an danna ƙofar da tafin hannu an riƙe kafin ya tashi. Ta cusa zannuwa, ta tsaya tana kallonsa kamar mai shirin kama kunama. Na ce ta kauce. Na murɗa, na danna, injin ya ɗauki gurnani. Na shafa samansa, na shafa gefe, na kama bakin ƙofar. Ko cizon sauro ban ji ba.

Dela ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. “Kin gani ko, Inna?”

Na koma gida da kunya. Kwana biyu ina juya abin, har na fara cewa ko dai yarinyar nan farfaɗiya ce ta same ta da girma. Amma farfaɗiya ba ta ƙona yatsu.

Ran kwana na uku na koma da ƴar fura ga Hajiya. Ina zuwa bakin sashen na yi tuntuɓe da wasu silifa shuɗɗa, an jera su a gefen dokin ƙofa. Na tsaya. Daga nan zuwa ɗakin Hajiya akwai taku ashirin na tsakar gida. Kowa da takalminsa yake shiga har bakin ɗaki, ɗakin wanki kuwa ba mai tuɓewa don jiƙe yake. Mutum guda ne a gidan nan ke barin takalmi tun daga nan, kuma tun ranar da anka kawo ta amarya haka take yi, don a garinsu mace ba ta taka sashen surukarta da takalmi. Hajiya Baraka da bakinta ta sha yabon ta a kan haka, tana cewa Alhassan ya auro mai tarbiyya.

Na shiga ɗakin wanki, injin na aiki. Na tuɓe takalmina na roba, na taka daɓen nan mai sanyi. Tsoro ya kama ni, don shekarata saba’in da ɗaya kuma zuciyata ba ta da ƙwari. Na yi bisimilla, na kai bayan ɗan yatsa guda, yadda muke koya wa yara a darasin kimiyya.

Sai na ji kamar an sa muciya an make ni daga gwiwar hannu har ƙeya. Ban san sanda na zauna cikin baho ba.

Dela ta rugo ta ɗaga ni, tana salati. Na ce, “Bar salatin nan haka, ɗiyata. In iskokin kakarki ne, to yau sun kama jikar liman.”

Ta yi dariya, sannan dariyar ta juye kuka. Ta zauna a ƙasa tana cewa, “Ashe ban haukace ba. Ashe ban haukace ba.”

Na ce mata daga yau kada ta kusanci injin sai da takalmi busasshe, ta kuma samo katako ta taka. Na nufi wurin Hajiya Mardiyya, matar Alhaji, na same ta tana tsince shinkafa. Na zayyana mata komi, na nuna mata zanena da ya jiƙe.

Ta ce, “Ikon Allah. Amma Madan, ni na taɓa.”

“Da takalmi.”

“To ai ita ma Dela ba yau ta fara shiga ba takalmi ba. Shekara guda tana aiki da shi lafiya lau.”

“Waya ba ta tsufa? Ke yadda kike bara haka kike bana?”

Ta ɗan ɓata rai. “Ni dai ba ni da ta cewa. Alhaji ya tahi lodi, sai ya dawo. Kuma Malam Altine mai rubutu ya riga ya fara aiki, ba a katse magani a tsakiya.”

“A kashe injin har ya dawo. A kawo zannuwan gidana in shanya, ni ba bene a kaina.”

“Wai! A fita da kayan Hajiya a ratsa unguwa? Madan, so kike ya sake ni?”

Kwana tara Alhaji ya yi bai dawo ba. Na kira shi a waya sau huɗu. Sau biyu bai ɗauka ba, sau guda ya ce suna kan awo, na huɗun ya ce, “Madan, in na zo ma yi magana, ai ba gudu injin zai yi ba.”

A cikin kwana taran nan na ga abin da ban zata ba. Dela ta sa silifa kwana biyu. Ranar farko ta ce mini ji take kamar ta shiga masallaci da takalmi, har ba ta iya haɗa ido da Hajiya, tsohuwar da ba ta ma san an yi ba. Rana ta biyu ƴan’uwan Alhaji mata sunka zo dubiya, sunka gan ta tana ƙyaf-ƙyaf da silifa a gaban gadon uwarsu. Kafin la’asar zance ya gama dangi: iskokin sun fara cire mata kunya. Wadda shekara takwas ba ta taɓa yi ba, yau ta yi, wane shaida ake nema kuma?

Anka sake kiran Malam Altine. Ban ce mugu ba ne. Abin da anka gaya masa ya yi aiki da shi, kuma ba wanda ya kai shi gaban injin. Ya ce tunda a ɗakin nan abin yake tare ta, to ɗakin za a yi wa magani. Ya ba da rubutu a jarka, da gishiri a ƙulle, ya ce kowace safiya a haɗa a yayyafa a daɓen, ita kuma ta taka da tafin ƙafarta, kada komi ya shiga tsakani. Anka ɗauke katakon da ta samo anka sa a murhu.

Ruwa da gishiri, a ƙarƙashin ƙafar mutum, a gaban ƙarfen da kuran ke yawo a jikinsa. Ko ɗan aji shida na tambaya ya san abin da zai biyo baya.

Na ce wa Dela, “Ki ƙi.”

Ta ce, “In na ƙi, su ce iskan ne ba ya son ayar Allah. In na taka, ya kayar da ni, su ce ga shi nan yana fita. Inna, ta ina zan bi?”

“Ki naɗe hannu da tsumma busasshe.”

“Ina yi. Hannun ne ba ya bushewa, daga baho nake fitowa.”

Ta koma danna ƙofar da muciya. Wata rana ya tashi, wata rana muciyar ta zame. Zannuwa kuwa ba sa jira, Hajiya na ɓata shida a yini, kuma Dela ba ta iya barin tsohuwa cikin jiƙa ko na sa’a guda. Ran Talata ta faɗi ta fasa leɓe. Ran Alhamis haƙorinta na gaba ya gutsure. Hannun dama ya fara rawa, in ta ɗebo koko a ludayi rabi ke isa bakin Hajiya. Ta ce mini ƙirjinta na yin wani irin tsalle, kamar an saki kaza a ciki.

Ran Juma’a anka kwashe kayan Ikram daga ɗakinta anka kai na Mardiyya. Wai kada abin ya tsallaka kan yarinya. Anka hana ta yi wa ɗiyarta kitso, anka hana su cin tuwo a kwano guda. Wannan ya fi kuran yi mata ciwo. Na same ta tana leƙen yarinyar ta tagar ɗakin wanki, tana shirin tafiya lakwal, ɗankwali a karkace.

“Dubi yadda sunka ɗaura mata,” in ji ta. “Ba ta son a matse mata kunne.”

Ranar da Alhaji ya dawo ban bari ya huta ba. Na same shi a zaure, an kawo masa shayi. Ya miƙe da fara’a.

“A’a, Madan da kanta! Sannu da ƙoƙari. An ce kin sha wanka a bahonmu.”

“Abdulhamid, injinka zai kashe matar ƙanenka.”

A duk Madawa ni kaɗai ke kiransa da sunansa tsirara, kuma ba ya so. Ya zauna, ya kurɓi shayi.

“Madan, injin nan na Turawa ne, ba irin na yanzu ba. Ƙarfe ne na gaske.”

“Ƙarfen ne ke kama ta. Kira mai gyara.”

“In shigo da ƙato sashen uwata, ya ga halin da take ciki, gobe a ji a tasha?”

“A fito da injin tsakar gida.”

“Kafin a gyara fa, ina za a kai kayan? Ke kin san Hajiya. Matar da ko tari ba ta yi a gaban mutane. In da tana magana, cewa za ta yi gara ta mutu.”

“Na riga ka sanin ta. In da tana magana, da ta ce maka kai sakarai ne.”

Ya yi murmushin da manya ke yi wa tsofaffi. “Kuma ki duba, Madan, asalin yarinyar nan. Mu mun rufa mata asiri, mun ci da ita, mun sha da ita. Ba mu ce laihinta ba ne. Jini ne.”

Na ce, “Taso.”

Ya biyo ni don kada a ce ya raina malamarsa. Mardiyya ta biyo, da ƙannensa mata biyu da ke gidan. Injin na aiki, daɓe jiƙe da ruwan Malam, Dela na tsaye a lungu. Alhaji ya taka da takalminsa mai kaurin gindi, ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya bubbuga shi kamar wuyan doki.

“To ga shi. Kun gani? Ina kuran?”

Na ce, “Madalla. Yanzu tuɓe takalmin ka sake.”

Ya janye hannunsa. Na lura da yadda ya janye shi, da sauri, ya kuma matsa baya taku guda ya dubi inda ƙafarsa take.

“Madan, ni ba yaron ajinki ba ne yanzu.”

“Ai ba komi a jikinsa, kai ka faɗi. Tuɓe ƙafa guda ma ta isa.”

“Ina da alwala, ba ni taka ruwan wanki.”

“Ruwan rubutu ne, albarka gare shi. Ko kai ma kana da kaka a Allakaye?”

Ƙaramar ƙanwarsa ta tuntsire da dariya, ta toshe baki. Fuskar Alhaji ta haɗe. Ya ce girman da yake ba ni saboda Hajiya ne, amma gidansa ba lakwal ba ne, kuma ba a taɓa yin baƙon da ya zo ya raba masa iyali ba. Ya juya ya fita da takalminsa a ƙafa.

Na dubi matan nan uku. “Kun ga abin da na gani?”

Mardiyya ta ce, “Mu mun ga kin kunyata shi gaban ƙannensa.”

Babbar ƙanwar ta ce, “Ko ma kuran ne, Madan, mi ya sa ita yake zaɓa? Ai shi ma iska yana iya shiga waya.”

A nan na san allina ya ƙare. Na miƙa hannu na fizge wayar daga bango, na ce wa Dela kada ta sake mayar da ita ko sama za ta faɗo. Ta ce to. Amma ni na tafi gidana na kwana, ita ta kwana a nasu. Kashegari mai gadi ya ce mini Alhaji ya ce Hajiya na bukatar hutu, an dakatar da masu dubiya.

Na je wurin mai unguwa. Ya ce sha’anin cikin gida ne, amma zai yi wa Alhaji magana in sun haɗu a masallaci. Na je wurin wani tsohon ɗalibina da ke aikin jinya, ya ce a kawo ta ya duba zuciyar, amma ba shi da ikon shiga gidan mutum ya ɗauko ta. Na aika saƙo Allakaye wurin wanta ta hannun direban motar kasuwa. Kowa na je wurinsa sai ya ce, “Gaskiyarki, Madan,” ya koma ga abin da yake yi.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ƙanwar nan mai dariya ta shigo gidana ba sallama. Ta ce an mai da wayar, jiya Dela ta sake faɗuwa, wannan karon hannun ya manne, sai da Mardiyya ta kashe kuran na gidan duka kafin ya sake ta. Ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Na ce an kai ta asibiti? Ta ce Alhaji ya ce ba ciwon asibiti ba ne, kuma ya yanke magana: abin ya fi ƙarfin Malam, a mai da ta ga danginta, su sunka san yadda suke lallashin kayansu.

“Ikram fa?”

“Haba Madan. Wa zai ba mai iska riƙon ɗiya?”

Ta ce yanzu haka an tafi da ita. Na tarar da su a tasha, an sa Dela a gaban motar Buza, hanyar garinsu, wanta na gefenta. Saƙona ya same shi, amma na Alhaji ya riga nawa, da buhun gero biyu a kan mota. Tafin hannunta a naɗe da tsumma, yatsun sun lanƙwashe ciki. Na ce wa wan ya tsaya da ita asibitin Buza kafin su wuce, na rubuta masa a takarda abin da zai ce wa likita. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in Allah Ya so, amma akwai wata tsohuwa a garinsu da ta san kan abin.

Dela ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Inna, sun ce in na warke in zo in gan ta. Ta yaya zan warke daga abin da ba ni da shi?”

Na gyara mata tsumman hannunta.

Ta ce, “An tura ta lakwal tun da safe don kada ta ga tahiyata. Ki gaya mata ba guduwa na yi ba. Kuma ki ce wa Hajiya Mardiyya, Hajiya ba ta haɗiye koko in da zafi, sai an fifita. A riƙa juya ta ɓangaren hagu bayan azahar.”

Mota ta tashi.

Kashegari wajen ƙarfe goma ina zaune a ƙofar gidana, sai ga Iro mai gyaran firigo, wato firiji, ya fito daga gidan Alhaji, jakar kayan aiki a kafaɗa, yana goge hannu. Na kira shi. Ya zo ya durƙusa.

“Iro, mi ka je yi?”

“Injin shanya na gyara, Madan. Hajiya Mardiyya za ta karɓi wankin tsohuwa daga yau, shi ne Alhaji ya ce in zo tun da sassafe, kada ta taɓa sai na gama.”

“Har cikin sashen ka shiga?”

“Har ciki. An dai saki labule a ƙofar tsohuwa.”

“Mi ya lalace?”

Ya buɗe jaka ya fito da wata ƴar waya, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, robar jikinta ta narke, jan ƙarfen a waje. “Wagga ce ke taɓa jikin injin daga baya. Na canza ta, na ja wata na kafa a ƙasa, na gyara maƙallin ƙofa. Ko shayin da anka dafa mini bai huce ba na gama. Ai da ya bari tun wancan karon, da an wuce wurin.”

“Wane karon?”

Ya ɗago ya dube ni, ya ga ban sani ba. Ya so ya haɗiye, na ce masa ya faɗi.

“Cikin azumi ne. Na zo duba firigon zaure, ya ce in leƙa injin, wai matar marigayi na ƙorafi. Na sa abin gwaji, ya kama wuta jawur. Na ce Alhaji, wanga abu yana kisa, duk wanda ya taɓa shi ƙafa ba takalmi a jiƙe, sai yadda Allah Ya yi. Ya ce da takalmi fa? Na ce da takalmi ba a ji. Ya ce to ba gaggawa, motoci na jiransa, in an gama lodin albasa zai kira ni. Na ce ko da dai, a gaya wa mata su riƙa sa takalmi. Ya ce zai faɗi.”

Daga azumi zuwa ranar nan wata biyar ne. Dela ba ta da iska. Waya ce ta goge a bayan injin, kuma Alhaji Abdulhamid ya san da ita tun kafin ya dafa shi da hannu biyu a gaban iyalinsa. Ikram tana ɗakin Mardiyya. Dela tana Allakaye, hannunta na dama ba ya riƙe ludayi.